Muryar Malam Nafi'u a Rumbu

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Wannan ba irin ta dauri ba ce, ta zamanin waya da kwamfuta ce. Ku buɗe kunne sosai, domin in na kai ƙarshe zan ja bakina in yi shiru, shari'a ta koma hannunku.

A wani gari cikin ƙasar Katsina akwai wani malamin makarantar makafi, sunansa Malam Nafi'u. Shi idonsa garau yake. Abin da ya kai shi wannan aiki mahaifiyarsa ce, Inna Tabawa, wadda ciwon ido ya rufe wa gani tun yana saurayi. Tun daga lokacin ba ta ƙara sanin ɗanta da komai ba sai murya. Kullum kafin ya tafi makaranta sai ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ita kuwa daga gaisuwar nan take gane ko ya yi barci sosai, ko mura na neman kama shi, ko wani abu ya ɓata masa rai.

Malam Nafi'u mutum ne mai son na'ura. Shi da wasu malaman makarantun makafi na garuruwa dabam-dabam suka haɗa kai za su gina manhajar da za ta riƙa karanta rubutun Hausa da baki, yadda makaho zai ji wasiƙarsa da kansa, ba sai ya nemi mai karanta masa ba. Irin wannan manhaja sai an ba ta muryar mutum ta koya. Nafi'u ya ba da tasa. Shekara uku yana shiga ɗan ɗakin ajiyar littattafai na makaranta, ya rataya barguna a bango don kada kukan awaki ya shiga, ya yi ta karanta jimla bayan jimla, har suka haura dubu tara. Bai gaya wa Inna ba. So yake sai abin ya kammala ya ɗora mata a cinya.

Duk wannan aiki suna tara shi ne a wani rumbu na intanet da suka yi tarayya a kansa. Bari in gaya muku yadda ake shiga irin wannan rumbu, don a kansa labarin ya rataya. Ba a shiga da suna, ba a shiga da sanayya. Kowane mai aiki zai sa kwamfutarsa ta haifar masa makullai biyu, tagwaye. Ɗaya na bayyane ne, dogon layi na haruffa da lambobi, kana iya ba kowa, ko a bango ka manna shi ba komai. Shi ake kai wa mai kula da rumbu ya rataya a ƙofa. Ɗayan na sirri ne. Wannan ba ya barin kwamfutar mai shi, kuma shi ma a kulle yake da wata kalma da mai shi kaɗai ya sani. In ka zo ƙofa, na bayyanen da ke rataye zai nemi ɗan'uwansa. In yana wurinka a buɗe maka. In babu, ko kai ka gina rumbun a waje za ka tsaya.

Mai kula da rumbun shi ne Malam Nafi'u. Wata Alhamis cikin damina ya kwashe aikin kaf daga tsohon rumbu, wanda masu shi suka ce za su rufe, ya mayar da shi sabo. Makullinsa kaɗai ya rataya, da niyyar ranar Litinin zai rataya na sauran malamai. Ranar Asabar yana dawowa daga wani taro a Zariya, mota ta tsaya a Funtuwa, ya sauka zai yi alwala, sai ya yanke jiki ya faɗi. Mutane suka kwashe shi zuwa asibiti. Motar ta gaji da jira ta wuce, da jakarsa a ƙarƙashin kujera, kwamfuta tana ciki.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya bar shi da ransa da hankalinsa, amma dama ta tafi, baki ya karkace, harshe ya ƙi tashi. Hagun ma sai ɗan motsin yatsu. Bayan wata guda aka dawo da shi gida.

Aka riƙo hannun Inna Tabawa aka kawo ta ɗakin. Ta ce, "Sannu." Shiru. Ta shafa fuskar da ke kan matashi, ta ji rama, ta ji bakin da ya ja gefe. Ta janye hannunta.

"Wane bawan Allah ne wannan kuka kwantar mini?"

Matarsa ta ce, "Inna, shi ne."

"In shi ne ya gaishe ni."

Hawaye ya gangaro daga idon Nafi'u, amma Inna ba ta ganin hawaye. Ta koma ɗakinta ta ƙulla a ranta cewa ɗanta ya rasu a hanya, ɓoye mata ake yi don tausayi. Aka kunna mata wani tsohon saƙon murya da ya taɓa aikawa ta waya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan maganar Sallar bara ce. Wanda ya rasu ma yana da tsohuwar magana." Daga nan ta fara rage abinci. Tuwo ya koma koko, koko ya koma kurɓa biyu. Shi kuma Nafi'u yana jin duk abin da ake ciki ta bango, sai ya daina haɗa ido da kowa. Gida ɗaya, mutum biyu suna ƙarewa, kowanne saboda ɗayan.

To, mutum uku ne suka tashi a kan wannan al'amari: ƙanwarsa Murjanatu, amininsa Tanimu, da matarsa Luba. Murja ce ta tara su a zaure ta ce muryar Yaya tana nan, a kulle take a rumbu. In aka shiga aka ɗauko ta, za a iya sa masa ita a na'ura ya riƙa magana da ita. Amma sai an sami kwamfutar, sai an sami kalmar da ta kulle makullinsa, sannan sai an san abin da za a yi da su in an samu.

Bari in fara da Tanimu. Direba ne, ya shekara talatin yana jan babbar mota kafin gwiwa ta sauke shi ya koma gona. Da shi da Nafi'u tare suka tashi, aji ɗaya, benci ɗaya. Bai san komai game da kwamfuta ba, wayarsa ma mai madannai ce. Da Murja ta gama bayani abu ɗaya ya tambaya: "Baƙar jakar nan mai igiya ɗaya?" Aka ce ita. Washegari ya ɗauki sandarsa ya shiga mota, ga gonarsa tana jiran maimai.

A Funtuwa babu wanda ya riƙe lambar motar. Wata mai ƙosai ce ta tuna cewa direban yana da tabon ƙuna a wuya, kuma ba ya cin yaji. Da wannan kaɗai Tanimu ya shiga bin tashoshi. Ya san yadda ake tambayar direbobi. In ka zo da maganar kaya sun ɓace, kowa rufe baki zai yi. Sai dai ka zauna a benci, ka tambayi lafiyar hanya, ka yi zancen ramukan da ke bayan gada, har magana ta kawo kanta. A Gusau aka ce mai tabon ya bar layin ya koma Kwantagora. A Kwantagora aka ce ya kwana biyu bai fito ba, matarsa ta haihu, yana ƙauyensu. Hanyar ƙauyen kuwa ruwa ya cinye ta, ko babur ba ya shiga. Tanimu ya naɗe wando ya taka, da gwiwar da zuwa masallaci ma da lallashi take yi. Ya isa ƙafa a kumbure. Direban ya ce ai tun ranar ya ga jakar, ya rasa mai ita, ya kai ta masallacin wata ƙaramar tasha ya damƙa wa liman amana.

Limamin dattijo ne mai tsanani. Ya ce mutum biyu sun riga sun zo sun ce tasu ce, duk ya sallame su. "In ta amininka ce, gaya mini abin da ke cikin ƙaramin aljihun gaba."

Tanimu bai taɓa buɗe jakar nan ba. Ya tuno mutumin da ya sani shekara hamsin. Sannan ya ce, "Allah gafarta malam, akwai dabino, amma ba zai wuce uku ba, don a mota yake rabar da sauran. Akwai ɗan ƙarfen nan mai tsini da makafi ke rubutu da shi. Kuma tun da daga tafiya yake, akwai ƙullin turaren wuta. Ba ya dawowa bai kawo wa tsohuwarsa abin da za ta shaƙa ba."

Liman ya buɗe aljihun ya duba, ya rufe, ya miƙa masa jakar da hannu biyu. Sai dai rufin ɗakin da aka ajiye ta yana yoyo, ta sha ruwan damina ta ƙoshi. Kwana goma sha ɗaya Tanimu ya yi a hanya. Ya dawo ya tarar lokacin maimai ya wuce, ciyawa ta shanye rabin gonar. Bai ko je ya duba ba sai da ya fara ajiye jakar a gaban Murja.

Ita kuma Luba, duk kwanakin nan tana bakin gado. Ɗinki take yi a gida, karatunta bai wuce firamare ba. Ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu da cokali, ita ke murza masa hannun hagu da man kaɗanya safe da yamma, har yatsansa manuni ya fara ɗagawa. Ita ce kuma ta gano hanyar jin abin da ke ransa. Sai ta sa hannunsa cikin nata ta riƙa jero haruffa ɗaya bayan ɗaya, in ta zo kan wanda yake nufi ya matsa. Kalmar farko da ya haɗa mata ta wannan hanya ita ce "bari".

Da ta tambaye shi kalmar sirrin, sai ya rufe ido. Mutum ne da ya shekara yana gaya wa abokan aikinsa kada kowa ya faɗa wa kowa tasa. Ban da wannan ma, ba ya son ya ji muryarsa tana fita daga akwati shi yana kwance kamar icce. Kwana uku tana jero haruffa, hannun yana cikin nata, bai matsa ba ko sau ɗaya.

A rana ta huɗu ta ajiye kwanon kunu ta zauna a gefen gado. Ta ce, "Malam, shekara ashirin da biyu ban taɓa tambayarka abin da ke cikin wayarka ba. Yau ma ba don kaina nake tambaya ba. Jiya Inna kurɓa ɗaya ta yi ta ture kofi. Ta ce in ciro mata likkafanin da ta ajiye in shanya. Ni ba zan iya rasa ku biyu a damina ɗaya ba."

Ta kama hannunsa ta fara jerowa. Ya matsa. Abin da ya fara haɗa mata shi ne, "Kar ki rubuta."

Saboda haka a ka ta riƙe. Aikin bai yi sauƙi ba. Harafi huɗu ko biyar sai ya gaji, gumi ya keto masa. Wani lokaci hannun kan matsa da kansa ba da nufinsa ba, sai an koma baya. Murja ta riga ta gargaɗe ta cewa kwamfuta tana bambanta babban harafi da ƙarami, tana ƙirga lamba, tana ƙirga har sararin da ke tsakanin kalmomi. Don haka kowane harafi tambaya biyu ne. Haruffa talatin da ɗaya, kwana tara. Ta raba su a gaɓoɓin yatsunta kamar mai tasbihi, tana bita a zuci tana tuƙa tuwo, tana bita tana wanki. A rana ta shida ta gane jimlar da ake haɗawa. Ta saki hannunsa a hankali, ta fita ta shiga madafa ta daɗe. Ta dawo ido ja, tana murmushi, ta ce masa, "Ashe ka riƙe." Kada ku tambaye ni ko mece ce jimlar. Ni ma ban sani ba, kuma ba wanda ya sani sai su biyu.

Sai Murjanatu. Ita ce auta, a hannun Nafi'u ta tashi, shi ya fara ɗora yatsunta a kan kwamfuta. Ta yi karatun abin har ta fi shi, tana aiki a Kaduna. Da ita aka fara aikin muryar nan. Amma shekara biyu kafin wannan ciwo ya gyara mata aiki a gaban sauran malamai da kakkausan harshe, ta ji zafi, ta ce a cire makullinta daga ƙofa. Tun daga nan sai gaisuwar Sallah. Da ta ji ya faɗi ta ɗauki hutu ta taho. Hutun ya ƙare, ta ci gaba da zama.

Da kwamfutar ta iso ta kai wa mai gyara. Ya buɗe ta, ya busar, ya girgiza kai. Ya ce tsatsa ta ci cikinta. Za ta iya tashi sau ɗaya, ƙila minti biyar, ƙila goma, in ta sake mutuwa kuma shi ke nan. Sauke jimla dubu tara da intanet ɗin garin nan kuwa aikin yini guda ne. Ɗaya daga cikin malaman ya kira ta ya ba ta shawara: da kwamfutar ta tashi, ta kwafe makullin sirrin Nafi'u zuwa tata, ta riƙa shiga da sunansa.

Ta ce, "A'a, Malam. Makullin sirri ba ya canja hannu. Yaya ya ba Anti Luba kalmarsa ne don a buɗe ƙofa sau ɗaya, bai bayar don in zama shi ba. Kuma duk abin da zan taɓa a rumbun nan, in na ɓata, sunana nake so a gani, ba sunan mutumin da ba ya iya kare kansa ba."

Da hantsi ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta buɗe kwamfutarta, ta umarce ta ta haifar mata sababbin tagwaye. Kwamfutar ta tambaye ta inda za a ajiye su, ta nuna. Ta nemi kalmar da za a kulle na sirrin da ita, ta zaɓa, ta rubuta sau biyu. Kafin ƙiftawar ido ga su nan. Na sirrin ta bar shi inda aka haife shi. Na bayyanen ta sa a ɗan filashi, abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta a ɗauki bayani, ta shirya 'yan layukan umarnin da za su rataya shi a ƙofa, ta yi ta gwaji a tata kwamfutar da agogo a gaba, har aikin ya sauko minti biyu. Sannan ta zaunar da Luba, wadda ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, ta nuna mata gurbin kowane harafi da yadda ake danne ɗaya a sami babban harafi. In Luba za ta gwada jimlarta, Murja sai ta juya mata baya.

Ranar da za a yi, suka zauna a zaure, don nan intanet ya fi kamawa. Tanimu ya tsaya a bakin taga riƙe da wayar da ke ba su intanet, hannu a sama. Murja ta yi bisimilla ta danna makunnin kwamfutar Nafi'u, ta zuba wa fuskarta ido. Baƙi. Baƙi. Can sai haske ya kawo. Ta kai inda ake neman kalma, ta tura wa Luba, ta juya fuska ga bango. Luba ta shiga danna haruffa da yatsa ɗaya. Kwamfuta ta ƙi karɓa, yatsanta ne ya haɗa haruffa biyu. Ta goge tafinta a zane, ta bi gaɓoɓin yatsunta, ta sake daga farko. Ya buɗe. Murja ta juyo, ta soka filashi, yatsunta suka yi ta gudu. Ta danna na ƙarshe ke nan sai warin ƙuna ya tashi, fuskar kwamfuta ta yi duhu, tun kafin ta nuna ko an karɓa.

Tanimu ya ce, "An yi?"

Murja ta ce, "Ban sani ba, Baba Tanimu."

Ta buɗe tata kwamfutar ta je ƙofar rumbu. Na bayyanen yana nan a rataye. Ya nemi ɗan'uwansa, ya same shi, aka buɗe mata.

Abin da ta fara cin karo da shi a ciki jerin sunayen da Nafi'u ya shirya zai rataya wa makullai ranar Litinin ne. A can sama, kafin na kowa, akwai layin da ba makulli, sai 'yan kalmomi: "Gurbin Murja, in ta huce." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Luba ta dafa ta.

Kwana goma sha tara ta yi a kan aikin, domin manhajar ba ta kammala ba. Murya dai tasa ce, amma karin magana duk ya karkace. Ka rubuta gari na zama, ta faɗi garin tuwo. Ka rubuta kuka na hawaye, ta faɗi ta miya. Murja ta bi su ɗaya-ɗaya tana gyarawa da kunnenta, kunnen da ya saba da muryar nan tun tana goye. Ta san yadda yake jan "to", ta san yadda yake haɗiye ƙarshen "lafiya". Daga nan ta shirya masa allo mai manyan haruffa, wanda yatsa ɗaya zai iya bi.

Kafin a gama, Inna Tabawa ba ta iya tashi da kanta. Wata Juma'a da safe Luba da Murja suka tallabo ta suka zaunar da ita kusa da gadon. Murja ta gaya mata gaskiya: "Inna, harshensa ne ya ƙi. Amma tun yana lafiya ya ajiye muryarsa a na'ura. Shi zai taɓa, ita ta faɗa."

Yatsan ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Aka daɗe. Sai ɗakin ya cika da muryar da aka yi wata uku ba a ji ba.

"Inna, ina kwana."

Tsohuwa ta daure ta ce, "Murya tasa ce. Sai dai akwati, duk wanda ya sa masa magana faɗa zai yi. Kowa ya janye hannunsa." Ta laluba ta sami hannun hagun, ta ɗora tafinta a bayansa yadda za ta ji motsin yatsan. "Shekarar da ka shiga makaranta, me ka fasa na ɓoye wa mahaifinka?"

Yatsan ya yi ta tafiya a ƙarƙashin tafinta.

"Gilashin fitila."

"Wa muka ce ya fasa?"

"Akuyar maƙwabciyarmu Delu." Yatsan bai tsaya ba. "Har yau ban ba ta haƙuri ba."

Wani sauti ya fito daga karkataccen bakin nan, dariya ce. Inna Tabawa ta kifa goshinta a kan hannunsa. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba a taɓa jin ta kama sunansa ba. Ranar kowa ya ji ta ce, "Nafi'u." Ta faɗa sau biyu. Can ta ɗago, ta share fuska da gefen zane, ta ce, "Luba, akwai sauran kokon nan?"

Daga ranar gida ya fara dawowa. Tsohuwa ta koma kan tuwonta. Nafi'u ya yarda aka riƙa zaunar da shi a inuwa, kafin kaka har yana gyara wa abokan aikinsa kuskure da yatsa ɗaya. Murja ta rataya makullan sauran malamai kamar yadda ya yi niyya.

Bayan an yi girbi, Inna Tabawa ta sa aka kira mata su uku ɗakin ɗanta. Ta buɗe adudunta ta ciro wani gwado. Ita ta kaɗa audugarsa da hannunta, a shekarar ƙarshe da take ganin zare, ta kai wa masaƙi. Ba ta da abin da ya fi shi a wurinta. Ta ɗora shi a cinya ta ce, "Wanda ya dawo mini da ɗana ya miƙo hannu."

Ba wanda ya motsa.

Tanimu ya ce, "Inna, ni jaka kawai na ɗauko, ruɓaɓɓiya ma. Ki ba Luba."

Luba ta ce, "Ni riƙe mini hannu aka yi aka gaya mini. Murja ce ta san abin yi."

Murja ta ce, "Ni a tabarma na zauna. Baba Tanimu ne ya taka ruwa."

Tanimu ya ce to a sa almakashi a raba uku. Inna ta ce almakashi ba zai taɓa gwadon nan ba tana raye, mutum ɗaya za a lulluɓa wa. Sai ta juya wajen gado ta ce shi ya faɗa. Nafi'u ya dubi amininsa, ya dubi matarsa, ya dubi ƙanwarsa. Yatsan ya yi 'yar tafiya, murya ta ce, "Caji ya ƙare." Alhali na'urar cike take.

To jama'a, ga gwado nan a cinyar tsohuwa, tana jira.

Tanimu ya bar gonarsa ga ciyawa, ya bi tasha bayan tasha da gurguwar gwiwa, kuma sanin da ya yi wa amininsa ne ya fito da jakar daga hannun liman. Ba don shi ba, da kalmar Luba ba ta da abin da za ta buɗe, makullin Murja ba shi da mai rataya shi.

Luba ta tayar da yatsan da ya mutu, ta lallashi zuciyar da ta riga ta haƙura da duniya, ta ɗauke haruffa talatin da ɗaya a kanta ba ta zubar da ko ɗaya ba. Ba don ita ba, da jakar Tanimu ƙarfe ne kawai jiƙaƙƙe, da Murja ta ƙare minti biyar ɗinta tana kallon ƙofa a rufe.

Murja ta haɗiye fushin shekara biyu, ta ƙi ɗaukar makullin da ba nata ba, ta haifi nata ta rataya kafin kwamfuta ta mutu, sannan ta mayar da jimla dubu tara suka zama bakin yayanta. Ba don ita ba, da an buɗe ƙofa an tsaya, ta sake rufewa har abada da muryar a ciki.

Na ja bakina. A cikin su ukun nan, kafaɗar wa ya kamata Inna Tabawa ta lulluɓa wa gwadon?